Tambaya da Amsa: Takardar Mallakar Ƙirƙira da Tsaron Bayanan Kwamfuta

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa saboda duk sun haɗu a kan abu ɗaya, wato takardar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabuwar dabara domin kada wani ya yi kasuwanci da ita sai da izininsa. Zan riƙa kiran ta takardar mallakar ƙirƙira, don a bambanta ta da haƙƙin mallakar rubutu da waƙa da fim wanda jama'a suka fi sani. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar adashi da rance ta 'yan kasuwa. Wakilin wani kamfani ya kawo mana manhajar ajiye bayanan mambobi, ya nuna mana hoton wata takarda mai hatimi, ya ce dabarar da suke kulle bayanai da ita tana da rajistar mallakar ƙirƙira, kuma sirri ce da babu wanda ya san ta sai su, don haka ɓarayin intanet ba za su iya fasa ta ba. Shugabanmu ya gamsu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin wannan takarda hujja ce? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam Sakatare, kana da dalilin rashin kwanciyar hankali, domin maganganu biyun da wakilin ya haɗa ba sa zama inuwa ɗaya. Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: shi zai rubuta yadda dabararsa take aiki dalla-dalla, ta yadda duk masanin fannin da ya karanta zai iya maimaita ta, ita kuma hukuma za ta hana wasu cin kasuwa da ita na tsawon wani lokaci, wanda a yau shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata. Yawancin ofisoshin rajista na duniya suna wallafa buƙatar bayan wata 18 da shigar da ita. Saboda haka idan dabarar tana da rajista, tana da lamba, kuma kowa zai iya neman lambar ya karanta abin da ke ciki. Idan kuwa da gaske sirri ce, to ba ita aka yi wa rajista ba. Ka nemi ya ba ku lambar da sunan ƙasar da ta bayar, ka ga abin da zai ce.

Ko da ya kawo lambar, takardar ba ta ce komai ba game da ƙarfin kullin. Abin da jami'in rajista ke dubawa a ƙasashen da ake yin bincike mai zurfi shi ne ko dabarar sabuwa ce, ko ba abu ne da kowane masani zai hango cikin sauƙi ba, da kuma ko za a iya amfani da ita a sana'a. Ba aikinsa ba ne ya gwada fasa ta. A Najeriya ma lamarin bai kai nan ba, domin a ƙarƙashin dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 magatakarda yana duba cikar takardu ne da biyan kuɗi, kuma dokar da kanta ta faɗa cewa ana bayar da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, alhakin yana wuyan mai ita. Sai wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya sannan ake tantance ko ƙirƙirar sabuwa ce.

Akwai misali da nake son kowane mai sayen irin wannan kaya ya riƙe. Martin Hellman da Ralph Merkle na Jami'ar Stanford a Amurka manyan masana ne da babu mai shakkar iliminsu, kuma a 1980 aka ba da takardar mallaka mai lamba 4,218,582 a kan wata dabarar kulle saƙo da suka ƙirƙiro. Merkle ya yarda da ita har ya yi alƙawarin dala 100 ga duk wanda ya fasa ta. A 1982 Adi Shamir ya fasa ta ya karɓi kuɗin, a 1984 kuma Ernest Brickell ya fasa wadda aka ƙara wa ƙarfi. Takardar ta ci gaba da aiki a idon doka shekaru da yawa bayan haka, alhali kullin da take bayani a kai ya riga ya zama ƙofar da babu sakata.

Shi kuwa alfahari da sirri ya fi ba ni tsoro. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya shimfiɗa ƙa'idar da masana ke bi har yau, cewa dabarar kulle saƙo dole ta tsaya da ƙafarta ko da abokin gaba ya san yadda aka gina ta, makulli kaɗai ake ɓoyewa. Katin MIFARE Classic, wanda miliyoyin mutane suka riƙa shiga jirgin ƙasa da mota da shi a Landan da Holan, an ɓoye dabararsa sama da shekara goma. A ƙarshen 2007 Karsten Nohl da Henryk Plötz suka nuna cewa sun kankare ɗan ƙaramin guntun da ke cikin katin bene-bene, suna ɗaukar hoton kowane bene da madubin ƙara girma, har suka karanto tsarin daga jikin wayoyinsa. Da dabarar ta fito fili sai aka ga rauninta nan da nan, kuma a 2008 masu bincike na Jami'ar Radboud suka nuna yadda za a kwafi katin. Kamfanin NXP mai ƙera katin ya garzaya kotu don a hana su wallafa sakamakon, kotun ta ƙi.

Abin da ya kamata ku tambayi wakilin shi ne ko manhajar tana amfani da sanannen ma'aunin kulle bayanai irin AES, wanda masana suka shafe sama da shekara ashirin suna dukansa a bainar jama'a, sannan wa ke riƙe da makullan, a ina ake ajiye kwafin bayanan, wane mai bincike na waje ne ya taɓa gwada tsarin, kuma me ke faruwa da izinin ma'aikacin da ya bar aiki. Ku tuna cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan wanda ya tara bayanan mutane, kuma a nan ƙungiyarku ce ta tara. Ranar da lambobin waya da asusun mambobi suka zube, ku za a fara tambaya.

Tambaya: Malam, a aji an koya mana dabarar kulle saƙo ta RSA, aka ce an taɓa yi mata rajistar mallaka. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Idan an wallafa yadda take aiki, ashe ba an koya wa ɓarawo hanya ba ke nan? Kuma ta yaya mutum zai mallaki lissafi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ta farkon ta fi sauƙi. Kowa zai iya sayen kwaɗo irin wanda ke ƙofar shagon mahaifinki, ya fasa shi da guduma, ya zazzage 'yan ƙarafan da ke ciki a tafin hannu ya ƙirga su, amma wannan ba zai ba shi yankan makullin shagon ba. Abin da ya sa RSA ta zama abin mamaki a zamaninta shi ne ta raba kwaɗo da makulli. Ki ɗauka wani ɗan kasuwa ya rarraba wa abokan cinikinsa kwaɗuna a buɗe, duk mai son aiko masa da saƙo sai ya sa a akwati ya danna kwaɗon ya rufe, kuma daga nan ko shi mai aikowar ba zai iya buɗewa ba, sai ɗan kasuwar da ya riƙe makulli. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan shi ne cewa ninka lambobi biyu abu ne mai sauƙi, komawa baya kuwa wahala ne. Idan na ce ki ninka 89 da 97, cikin minti ɗaya za ki ce 8633. Idan na miƙa miki 8633 na ce ki nemo lambobi biyun da suka haife ta, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, sai kin yi ta gwaji ɗaya bayan ɗaya. A aikace lambar tana da alƙaluma sama da 600, kuma babu wata sananniyar hanya da kwamfutocin yau za su warware ta a tsawon rayuwar ɗan Adam.

Tambaya ta biyu kuwa ita ce aka shafe shekaru ana jayayya a kanta. Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman sun fito da dabarar a 1977 a jami'ar MIT ta Amurka, aka shigar da buƙatar rajista a Disambar wannan shekara, aka bayar da takarda mai lamba 4,405,829 a ranar 20 ga Satumba, 1983. Lauyoyi ba su rubuta cewa sun mallaki lissafi ba. Sun rubuta shi a matsayin tsarin sadarwa mai na'urar kullewa da na'urar buɗewa da hanyar da ke haɗa su, wanda ke nufin ɗaliba mai lissafi a kan allo ba ta shiga gonar kowa ba, amma duk kamfanin da ya sa dabarar cikin kayan sayarwa a Amurka sai ya nemi lasisi. A Amurka kaɗai takardar ta yi aiki, saboda an riga an bayyana dabarar ga jama'a kafin a shigar da buƙata, har wata mujallar kimiyya ta yi bayaninta a Agustan 1977. Dokar Amurka tana yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa, Turai kuwa ba ta yi.

Wannan ya haifar da wani yanayi mai wuyar sha'ani. Lokacin da Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta a 1991 domin talakawa su iya kulle wasiƙunsu, masu riƙe da lasisin RSA sun ce ya taka haƙƙinsu, har aka wayi gari akwai PGP ta cikin Amurka da ta sauran duniya. Binciken da gwamnati ta yi masa daga 1993 zuwa farkon 1996 batu ne daban, na dokar fitar da kayan yaƙi zuwa waje, kodayake mutane kan cakuɗa su. Takardar RSA za ta ƙare ne a Satumbar 2000, sai kamfanin RSA Security ya sake ta ga jama'a a ranar 6 ga watan, mako biyu kafin wa'adin.

A nan zan ɗan ratse, don akwai mutumin da nake ganin ya cancanci a ambace shi duk lokacin da aka yi wannan zance. Clifford Cocks, matashin masanin lissafi a hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ya gano kusan wannan dabara tun 1973, bisa tunanin da abokin aikinsa James Ellis ya fara kawowa. Aikin nasu sirrin gwamnati ne, ba su wallafa ba, ba su yi rajista ba, kuma duniya ba ta ji labari ba sai a Disambar 1997, makonni kaɗan bayan rasuwar Ellis. Da an wallafa aikin Cocks a lokacinsa, da wuya a ce RSA sabuwa ce. Doka tana auna sabunta ne da abin da jama'a ke iya gani, abin da ke kulle a durowar gwamnati ba ya shiga lissafi.

A ganina darasin da masu tsara ma'auni suka ɗauka daga wannan zamani ya bayyana a 1997, lokacin da hukumar tsara ma'auni ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar zaɓen sabon kullin da zai maye gurbin tsohon, mai suna DES. Cikin sharuɗɗan har da cewa dabarar da ta yi nasara za ta zama kyauta ga kowa a duk duniya. Dabaru 15 suka shiga, aka tace zuwa 5, a Oktoban 2000 aka zaɓi ta Joan Daemen da Vincent Rijmen 'yan Beljiyam, wadda ta zama AES a 2001. Ita ce yau a cikin wayarki da manhajar bankinki, kuma rashin kuɗin lasisi na cikin dalilan da suka sa ta shiga ko'ina. Ki kwatanta da dabarar sa hannu a kwamfuta ta Claus Schnorr, wadda masana ke yaba wa saboda sauƙinta, amma masu gina manhaja suka yi ta kauce mata har takardarta ta ƙare, kuma Bitcoin bai ɗauke ta ba sai a 2021. Kotunan ma sun ɗan ja linzami daga baya, domin a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Alice da bankin CLS cewa ɗora tunani na zunzurutu a kan kwamfuta bai isa ya mayar da shi ƙirƙira ba.

Tambaya: Ina sana'ar tsara hotuna da katin gayyata. Wani abokina ya ce an taɓa neman kuɗi a kan hotunan GIF masu motsi da muke tura wa juna. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai ba daga hannun masu tura hoto ba. GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987, yana matse hoto da wata dabara mai suna LZW, wadda Terry Welch ya wallafa a 1984, kuma kamfanin da yake wa aiki ya yi mata rajista, daga baya takardar ta koma hannun Unisys. A ƙarshen Disambar 1994, bayan GIF ya riga ya cika intanet, aka sanar cewa masu rubuta manhajar da ke sarrafa shi za su biya lasisi. Masu shirya manhaja suka fusata, cikin 'yan watanni suka tsara sabon nau'in hoto mai suna PNG da wata hanyar matsewa da babu mai riƙe da ita, kuma a 1996 aka amince da shi a matsayin ma'auni. Takardar LZW ta ƙare a Amurka a Yunin 2003, a Turai da Japan da Kanada kuma a 2004. Yau babu wanda ke bin ka bashi a kan GIF, kuma PNG ɗin da kake ajiye tambari da shi ba tare da farin bango ba, daga wannan rigima ya samo asali.

Tambaya: Na kammala karatun kwamfuta, ina aiki a wani ƙaramin kamfani. A lokacin hutuna na tsara wata hanya ta kulle bayanan marasa lafiya a ƙananan asibitoci, wadda ke aiki ko babu intanet, sannan ta daidaita bayanan idan sabis ya dawo. An gayyace ni in nuna ta a wani taron matasa masu fasaha. Shin in yi rajista tukuna, kuma a ina? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Allah ya yi wa aikin albarka, ɗan'uwa. Idan har kana da niyyar rajista, kada ka bayyana cikin dabarar a taron kafin ka shigar da buƙata, domin abin da ya hana masu RSA samun takarda a Turai zai iya faruwa da kai. Dokar Najeriya ba ta yi sassauci ba sai ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata shida kafin shigar da buƙata, kuma taron matasa da wuya ya shiga wannan sahu. Za ka iya nuna abin da manhajar take yi ba tare da ka buɗe yadda take yin sa ba.

Kafin wannan ma, ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta da kyau. Dokar 1970 ta ce ƙirƙirar da aka yi a cikin aikin da aka ɗauki mutum ya yi ta mai kamfani ce, don haka tambayar ko ka yi amfani da kwamfutar ofis ko bayanan ofis ba ƙarama ba ce. James Goodfellow ɗan Sikotlan, wanda sunansa ke kan takardar 1966 ta haɗa kati da lambar sirri wajen cirar kuɗi daga na'ura, ma'aikaci ne a lokacin, kuma abin da ya samu daga ƙirƙirar bai wuce fam 10 ba, alhali duk mai danna lambobi huɗu a ATM yau yana cin moriyar tunaninsa.

Batun wuri kuwa, takardar ba ta tsallake iyakar ƙasar da ta bayar da ita. A Najeriya ofishin rajista yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari, hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da buƙata. Ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, wanda ya daina biya takardarsa ta faɗi. Idan kana hangen kasuwar Nijar da Kamaru da Chadi, waɗannan suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda buƙata ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO mai ofis a Harare, inda mai nema ke zaɓar ƙasashen da yake so. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya, amma tun 2005 tana cikin PCT, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan neman takardar mallakar ƙirƙira, kuma daga ranar da ka shigar da buƙatar farko kana da wata 12 ka nemi kariya a wasu ƙasashe da wannan kwanan wata.

Ra'ayina shi ne ka raba aikin gida biyu. Rubutun manhajar da kansa yana da kariyar haƙƙin mallaka tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu. Ɓangaren kulle bayanai kuwa, idan sabuwar dabara ka ƙirƙiro da kanka, ina roƙon ka ajiye ta ka yi amfani da AES ta shiryayyun manhajoji da aka daɗe ana gwadawa, saboda sirrin marasa lafiya ya fi ƙarfin a yi gwaji da shi, kuma ka ga abin da ya sami Hellman da Merkle duk da iliminsu. Inda nake zaton sabon abu zai iya kasancewa shi ne hanyar daidaita bayanai bayan yankewar sabis, musamman yadda kake warware saɓani idan ma'aikata biyu sun gyara katin mara lafiya ɗaya a wurare daban-daban. Wannan fanni ne da manyan kamfanoni suka yi rajista da yawa a cikinsa, don haka kafin ka biya lauya ka zauna mako guda kana bincike a shafukan neman takardun mallaka na Espacenet da PATENTSCOPE da Google Patents, waɗanda duk kyauta ne, ka fi mayar da hankali ga sashen ƙarshe na kowace takarda inda aka jera abin da ake iƙirarin mallaka, domin shi kotu ke dubawa. Idan ka gama, ka sake rubuto mini abin da ka tarar da kuma abin da takardar aikinka ta ce game da ƙirƙirar ma'aikaci.